Shafi na Huɗu

Shekarar da ruwa ya ci katangar gidanmu ta ƙauye karo na biyu, na ƙudura a raina sai na koma kusa da Inna. Inna ita ce mahaifiyata. Tana zaune a ƙauyenmu can bayan Guri, cikin fadama, ita da ƙanwata wadda mijinta ya rasu ta dawo gida. Ni kuma ina Haɗejiya ina koyarwa a firamare, shekara ashirin da ɗoriya. Duk damina idan kogi ya cika, hanya takan yanke sai a kwalekwale, ni kuwa waya ba ta barin hannuna. Na gina mata ɗaki a gidana, na yi masa daɓen siminti, har labule na sa. Na aika kawu ya lallashe ta, na aika liman. Ta ce ita ba inda za ta, a nan aka kawo ta, a nan za a fitar da ita.

Ana cikin haka sai wata ƙungiya mai aikin sasanta manoma da masunta da makiyaya a yankin Baturiya zuwa Guri ta ce tana neman ɗan ƙasa mutum ɗaya, kuma sharaɗin aikin shi ne zama a can. Na ce to, tunda Inna ba ta zuwa, ga Allah ya buɗe min hanyar komawa. Aikin ma ba baƙo ba ne a gidanmu. Marigayi mahaifina shi masunta ke kawo wa rigimarsu, a ƙofar gidanmu aka sha raba faɗan tarko da na mashayar shanu. Na nema, aka yi mana tambayoyi, muka rage mu uku. Sai aka ce saura abu ɗaya, gwajin hali.

A nan kaina ya fara ɗaurewa. Na san gwajin jini, na san gwajin ido, ni kaina gwada yara nake yi duk ƙarshen zango. Amma hali? Da wane mudu ake auna shi? Aka ce wata ƙwararriya ce za ta zo daga Kano. Ranar Alhamis muka je, ba ta iso ba. Sakataren ofishin, da ya ga mun gaji da zama, sai ya miƙo wa kowa takarda ya ce mu cika a gida mu kawo Litinin.

Shafi huɗu ne. Kowane layi magana ce a kaina, da akwatuna biyar a gabanta, daga "haka ne ƙwarai" zuwa "sam ba haka ba ne". Ina saurin fushi. Mutane suna jin daɗin zama da ni. Nakan yafe da wuri. Ina riƙe gaskiya ko ba mai ganina. Na karanta, na ajiye, na sake ɗauka. Wallahi kunya ce ta kama ni, kamar an ce in tsaya a kasuwa in yi wa kaina kirari.

Ina aka taɓa yin haka? Da na nemi auren maiɗakina, iyayenta ba su tambaye ni ko ni mutumin kirki ne ba. Unguwarmu suka aika, da masallacinmu, har ƙauye sai da wani tsoho ya je. Da aka ɗora wa mahaifina sasanta masunta, ba wanda ya miƙa masa takarda, dattawa ne suka zauna kowa ya faɗi abin da ya sani. Gawa ma idan an kwantar da ita, mutane ake saurara a ji shaidarsu. To ni yanzu in ce mutane na jin daɗin zama da ni, na yabi kaina. In ce ba sa ji, wataƙila na yi ƙarya, kuma aikin ya tafi. A saman takardar an rubuta mutum ya cika shi kaɗai. Na gani, ba zan ce ban gani ba. Amma na ɗauka irin ladabin nan ne na masu ofis, don kada su sa mutum wahala. Na ce ni zan kawo musu abin da ya fi wanda suka nema: shafi huɗu, shaidu huɗu. Har daɗi na ji da wannan dabara tawa.

Shafin farko maiɗakina na kai wa. Tana tsintar shinkafa a faifai. Da ta gane abin da ake so, sai ta ture faifan gefe ta gyara zama, ban taɓa ganin ta ba aiki muhimmanci haka ba. Na fara karanta layin saurin fushi, ko ƙarshensa ban kai ba ta ce in sa na farko. Na ce ta dai yi tunani. Ta ce shekara goma sha tara tana wannan tunanin. Na ce yaushe na taɓa yi mata fushi ba dalili? Ta fara lissafo min, daga ranar da na yi jifa da buta saboda an taɓa min rediyo. Muryata ta ɗaga, na ce ita dai ba ta son in samu aikin. Yatsa kawai ta ɗora a kan akwatin farko. Na cika shi ina huci.

Na biyu shugaban makarantarmu ne, ranar Juma'a da safe. Shi kam zuma ya yi ta zuba min. Mai haƙuri, mai sanyin rai, bai taɓa jin na ɗaga murya ba. Mutumin da makon da ya wuce muka yi sa-in-sa a kan jadawalin darasi har malamai suka leƙo. Na fito ina ta godiya. Sai da na hau babur tunani ya zo min: anya ba so yake ya rabu da ni ba?

Na uku abokina ne tun na ƙuruciya, mai sayar da banda a kasuwar kifi. A wurinsa ni ne gishirin majalisa, mai surutu, mai ba da dariya, wanda ba ya riƙe kowa a zuciya. Ya ce in akwai akwatin rowa ma in sa masa alama sau biyu. Ya karɓi takardar don ya gani da idonsa, ya bar min shatin yatsunsa na man kifi a gefe.

Ranar Asabar na tafi ƙauye da shafi na huɗu. Babur ya kai ni inda ƙasa ta ƙare, daga nan kwalekwale ya bi da mu ta wata 'yar hanya da aka sare cikin ciyawar kacala. Kawu na nufa, ba Inna ba. Ni ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta cin abinci a gabana, ba ta haɗa ido da ni, a ɗakin kakata na tashi. Idan tana da magana da ni, ko ina zaune a gabanta, wani take gaya wa ya gaya min. Na san kunya ce, na san haka aka tarar. Amma in faɗi gaskiya, tun ina yaro abin yana min ciwo, kuma na daɗe da yanke cewa wanda ba ya kallonka ba zai san ka ba.

Na tarar kawu ya tafi garin Malam Madori da bijiminsa. Don kada tafiyar ta zama ta banza, sai na zauna a tabarma na ce ƙanwata ta ba ni shaida. Inna tana can gefe ta ba mu baya, tana yanka kuɓewa za ta shanya.

Wannan shafin daban yake da sauran, duk abubuwan cikin zuciya ne. Na karanta: idan abu ya dame ni nakan gaya wa wani. Ƙanwata ta ce e, ai Yaya yana da abokai. Sai muka ji daga baya, wuƙa ba ta ko tsaya ba:

"A'a. Bakin ruwa yake tafiya."

Muka kalli juna. Na ci gaba. Nakan tuna maganar da aka gaya min ko an shekara. Inna ta ce da ƙanwata ta ce in sa na farko. Rigimar wasu takan hana ni cin abinci. Na farko. Idan na yi fushi, wanda ya ɓata min rai nake nuna wa. Na ƙarshe, in ji ta, na gida ne ke sha. Haka muka yi har ƙasan shafin, ƙanwata ta koma 'yar aike kawai, Inna na yanka kuɓewa tana yanke min hukunci. Raina ya ɓaci matuƙa. Ni da nake neman aikin nan dominta, ga shi ita take zana ni a matsayin mutumin da bai dace da shi ba. Amma ina ni ina musu da ita? Na cika yadda ta ce, na yi sallama na kama hanya.

Litinin na miƙa takarda. Laraba aka kira ni.

Ƙwararriyar ba ta kai ni shekaru ba. Kirista ce, iyayenta mutanen Filato, amma ta ce a nan Haɗejiya aka haife ta, babanta ya koyar a sakandare. Hausarta kuwa ko ni sai in gyara zama. Na kira ta Likita, ta ce ba ta yin allura, in ce Malama kawai. Ta jera shafukan nan huɗu a tebur, har da mai man kifin. Ta yi min bayani cewa takardar takan yi tambaya ɗaya sau uku ko huɗu, kowane lokaci da sabuwar riga, don a ga ko amsar mutum tana tsayawa wuri ɗaya. Tawa, in ji ta, ba ta tsaya ko'ina ba. A shafin farko ni wuta ne, a na biyu randa, a na uku ba na riƙe kowa, a na huɗu ba na manta komai.

Sai ta fara wasu tambayoyi a hankali, da murya mai laushi. Ina samun barci? Nakan manta abin da na yi jiya? An taɓa ce min na yi wani abu alhali ban san na yi ba? Na amsa biyu, a ta uku na gano inda aka dosa. Wato ni ake duba ko kaina da motsi. Ni, malamin makaranta, mai 'ya'ya shida. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"Malama, ni fa lafiyata ƙalau. Shaidu huɗu na kawo miki, ba ɗaya ba."

Ta ɗago ta ce in zauna in maimaita. Na zauna na bayyana mata komai, har da ɗan alfahari, ina jiran yabo. Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suka fara rawa, daga baya ta kasa riƙewa ta yi dariya har da hawaye. Ta ba ni haƙuri. Ta ce ta gane sarai, ita ma da za a yi aurenta haka aka bi gida-gida ana tambaya. Amma wannan takarda ba abin da mutane ke gani take nema ba, abin da mutum yake ji idan ba kowa take nema. Kuma tun farko ma bai kamata a ba mu ita mu tafi gida ba. Ta ce wannan ba za ta yi amfani da ita ba, za ta ba ni sabuwa in cika yanzu, a ɗaki, ni kaɗai.

Ban taɓa shan wuyar jarrabawa irin wannan ba. Ɗaki ba kowa sai fanka da ni, amma cike yake da mutane. Duk layin da na karanta sai in ji maiɗakina ta ce na farko, shugaban makaranta ya ce na ƙarshe, abokina ya kwashe da dariya. Na rasa wane ne "ni" ɗin da takardar ke nufi. Na cikin aji, mai lallashin yaro har ya iya rubuta baƙi? Na majalisa? Ko mai jifa da buta? Kowannensu ni ne, kuma ba sa ga maciji da juna. Na yi ta sa alama a akwatin tsakiya, har na ga layin ya miƙe kamar kunyar gero. Na tsaya. Na ce wannan ai ba amsa ba ce, ɓuya ce. Na goge na sake farawa. Na daina tunanin abin da aikin ke so, don kaina ya riga ya ɗauki zafi, na koma tambayar kaina abu ɗaya a kowane layi: ran da abin ya faru na ƙarshe, me na yi? Azahar ta wuce kafin in gama.

Bayan na yi salla muka zauna hira kusan awa ɗaya. Ba ta tambaye ni burtali ko tarkon kifi ba, labarin mahaifina ta tambaya. Na gaya mata yadda yakan wuni yana sauraron zagin ɓangare biyu fuskarsa a sake, a tashi kowa na sa masa albarka, ya shigo gida ya ture kwano. Na gaya mata hawan jini ne ya kwantar da shi bai tsufa ba. Ban taɓa jera wa kowa labarin nan haka ba. Ta yi ta rubutu. Na fita ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba.

Bayan mako ɗaya ta dawo don ta gaya wa kowa sakamakonsa baki da baki. Ta ce a wannan gwaji ba ci ba faɗuwa. Na ce a raina, to me ya sa mu uku ne kujera ɗaya? Ta ce abin da ta gani shi ne mutum mai tausayi, mai riƙe amana, wanda mutane za su yarda da shi da wuri. Na fara murmushi. Ta ce kuma mutum ne da yake ɗaukar rigimar wasu ya kai gida, ya adana, ba ya gaya wa kowa, sai ta fashe a kan waɗanda ya san ba za su guje shi ba. Ta ce wannan ba mugun hali ba ne, kuma ana iya koyon sauke shi, har ta gaya min yadda zan fara. Amma aikin da nake nema rigima ce safe da yamma, kuma ita abin da ta gani za ta rubuta, zaɓi na ƙungiya ne. Yabo ne wannan ko zagi? Har yau idan na tuna ban iya rarrabewa.

Na miƙe zan tafi, ta ce in ɗan tsaya. Ta jawo tsohuwar takardar daga jaka. Ta ce ba aikinta ba ne, son sani ne kawai ya sa ta gwada ta da wadda na cika ni kaɗai. Shafuka ukun farko, wani wuri sun dace wani wuri sun yi hannun riga. Na huɗu kuwa kusan layi bisa layi.

"Wa ya ba ka amsar wannan?"

Na ce mahaifiyata.

"Ta san ka, Malam."

Na ce matar da ko sunana ba ta taɓa kira ba. Ta dube ni kawai ta miƙo min shafin, ta ce in tafi da shi.

Aikin wani aka ba, ɗaya daga cikin mu ukun, kuma ba ni da abin cewa a kansa. Na yi kwana biyu ina hawa kan kowa a gida, sai na tuna maganar Malamar na ji kunya. A rana ta uku na shirya na tafi ƙauye, don labarin ya fi ƙarfin waya.

Ruwa ya fara ja, amma har yanzu sai da kwalekwale. Na tarar da su a tsakar gida, Inna tana kwashe busasshiyar kuɓewar nan a ƙwarya, ta ba ni baya kamar kullum. Bayan gaisuwa na gaya wa ƙanwata, da ƙarfi yadda za a ji, cewa ban samu ba, ba zan dawo ƙauye ba. Sannan Inna ta yi magana.

"Ki ce da shi na san abin da nake yi ran nan. Aikin nan shi ya cinye ubansa ina kallo. Ɗaya ya ishe ni. In haushi zai ji, ni zai ji wa."

Wato a zatonta amsarta ce ta hana ni. Ta zaɓi ta zauna cikin ruwa ba ni, da in dawo in zauna a inda mahaifina ya zauna. Na buɗe baki in gaya mata an ajiye shafinta gefe, ni da hannuna na sake faɗin duk abin da ta faɗa. Sai na fasa. Shafin yana aljihuna, na ji kamar ya yi nauyi.

Ta ci gaba da kwashe kuɓewarta. Can ta ce da ƙanwata ta tambaye ni, ɗakin nan da ake ta magana, ƙofarsa tsakar gida take kallo ko waje? Ƙanwata ta juyo za ta maimaita min, na riga ta, na ce tsakar gida. Inna ta ce to. Ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce yaushe ba, ni ma ban kuskura na tambaya ba.

Zaman ya gagare ni. Na tashi na fita, ƙafata ta yi ta tafiya har na tsinci kaina a gindin wata tsohuwar giginya, nesa da inda kwalekwale ke tsayawa. Na zauna ina kallon ruwa, na rasa ko asara na yi ko riba. Ban daɗe ba na ji takun mutum a bayana. Ƙanwata ce da kwano a hannu, ta ajiye a gabana.

"Inna ta ce in kawo maka nan gindin giginya. Ta ce kuma in tsaya sai na ga ka ci."

Tuwon shinkafa ne da miyar kuɓewa. Na wanke hannu a kogin, na ci har na suɗe kwanon.